AN CE "KA WARKE", TO, SAURAN MAGANAR FA?

Talakawan Banga da na Ƙauran Namoda, da 'yan'uwanmu na Shinkafi da Zurmi, da ku fatake da 'yan koli da 'yan tebur da mahauta da 'yan dako masu bin kasuwannin ƙasar nan, ku matso kusa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Yau maganar tarin fuka za mu yi, wanda malaman asibiti suke kira tibi. Maganarmu kuwa a kan wanda ya tashi ne daga ciwon, watau mutumin da ya daure ya sha magani wata 6 cur, aka duba kakinsa aka ce babu kome, aka rubuta sunansa a littafi cikin waɗanda suka warke, aka ce ya tafi gida.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani dattijo mai sayar da hatsi da muka haɗu a mota kwanan baya a kan hanyar Gusau. Tun da muka bar tasha yake tari, irin tarin nan mai fitowa daga can ƙasan ƙirji. Da na ga abin ya ƙi ƙarewa sai na ce, "Baba, wannan tari naka ya kamata likita ya ji shi." Ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, ai ni na gama da wanga ciwo. Bara na sha magani wata 6, an sallame ni. Wanga sanyi ne kawai." Na ce, "Tun yaushe sanyin ya kama ka?" Ya ce, "Ya kai wata guda." Na ce, "Iyalinka fa, an duba su?" Ya dube ni da mamaki ya ce, "Mi ya same su? Ai tun ran farko na ware kwanona da moɗata." Na ce, "To, Baba, ran da aka sallame ka me aka gaya maka?" Ya ce, "An ce in gode ma Allah, na kuwa gode."

Godiya ga Allah wajibi ce, ba mu da ja a nan. Amma ku dubi wannan al'amari da kyau. Dattijon nan ba wawa ba ne. Mutum ne mai riƙe da lissafin bashin rabin unguwa a kansa ba tare da takarda ba, wanda in ya damƙi gero a hannu ya san na bana ne ko na bara. Wata 6 yana zarya zuwa asibiti, yana biyan kuɗin mota, yana zama a benci yana jiran a kira shi. A cikin wannan zarya duka ba a sami wanda ya zaunar da shi na minti 10 ya gaya masa abin da ke gabansa ba. An ba shi magani, an hana shi sani. Wannan shi ne ƙararmu, kuma a gaban mahukunta muke ajiye ta.

Mutanenmu sun ɗauki tarin fuka kamar ƙyanda, ko kamar agana ta zamanin iyayenmu, wadda in ta kama mutum sau ɗaya ya tsira, to, sun rabu ke nan har abada. Tarin fuka ba haka yake ba, yana dawowa. Wani lokaci 'yan ƙwayoyin cutar kaɗan ne suke ɓuya a cikin huhu, magani bai gama da su ba, su yi lamo har sai jiki ya yi rauni sa'an nan su tashi. Irin wannan dawowa ta fi yawa a cikin shekarar farko bayan an gama magani, watau daidai lokacin da mutum ya saki jiki yana murna. Wani lokaci kuwa tsohon ciwon ya mutu sarai, amma mutum ya koma ɗakin da ya baro, ya tarar da ƙanensa ko matarsa ko yaron shagonsa yana tari, ya sāke shaƙar sabuwar cuta. Likitocin duniya sun tabbatar wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi wanda bai taɓa yi ba haɗarin sāke kamuwa. Har ma a 2019 masana suka tattara binciken ƙasashe da dama, suka ga mutuwa a cikin waɗanda suka gama magani ta kusa ninka ta sauran jama'a sau 3. Ba don a tsorata kowa muka faɗi wannan ba. Yawancin waɗanda suka sha magani daidai sun warke ke nan, kuma an ƙiyasta a 2020 akwai mutum miliyan 155 da ke raye a duniya bayan sun yi wannan ciwo. Amma wanda ɓarawo ya taɓa shiga gidansa shi ya fi kowa cancantar a nuna masa inda katanga ta tsage.

To, me ya kamata a gaya wa dattijon nan ran sallama? Ba wani dogon karatu ba ne. A ce masa: Baba, ka adana katin nan naka kamar yadda kake adana takardar gona. In tari ya kama ka ya kai mako 2, ko ka ga zazzaɓin yamma da gumin dare, ko ka ga kana ramewa, ko ka ga jini a kaki ko da sau ɗaya ne, kada ka tsaya wajen mai kemis, kada ka ce sanyi ne, ka dawo nan da katinka. In ka zo kuwa, kafin a tambaye ka, ka ce ka taɓa shan magani. Wannan kalma ɗaya tana da nauyi ƙwarai, domin wanda ciwon ya dawo masa ya fi zama cikin haɗarin samun irin tarin nan mai taurin kai wanda ba ya jin maganin farko. Akwai na'urar da ake kira GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana duba kaki cikin kamar awa 2 ta faɗi ko akwai cutar, ta kuma faɗi ko tana jin babban maganin nan rifamfisin, wanda ke mai da fitsari ja. Amma na'urar takan ga har gawar ƙwayoyin da magani ya riga ya kashe, saboda haka tilas likita ya san tarihinka kafin ya yanke hukunci. Wanda ya ɓoye tsohon ciwonsa don kunya, kansa ya cuta.

Shi kuwa tarin mai taurin kai ba abin wasa ba ne. A da maganinsa yakan kai shekara 2, da allurai masu kurumtar da mutum. Alhamdu lillahi tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da wani sabon haɗin ƙwayoyi na wata 6 ba allura. Duk da haka, gara a tare shi tun yana bakin ƙofa.

Yanzu bari mu zo kan kwano da moɗa, domin a nan ne aka fi cutar talaka. Tun ran 24 ga Maris 1882 wani likita Bajamushe, Robert Koch, ya nuna wa duniya ƙwayar da ke kawo wannan ciwo a birnin Berlin. Shekara fiye da 140 ke nan, amma har gobe a garuruwanmu ana cewa gado ne, ko sammu, ko gashin kyanwa, ko cin abinci a kwano ɗaya. Jama'a, a iska cutar nan take tafiya. Mai ciwo ya yi tari ko atishawa ko ya ɗaga murya, ƙwayoyin su fito su yi ta shawagi a ɗaki, na kusa ya shaƙa. Ba ta bin musafaha, ba ta bin tuwo, ba ta bin tsabar kuɗin da ka karɓa daga hannunsa. Dattijon nan ya ware kwanonsa, ya kwana da jikokinsa a ɗaki ɗaya, taga a toshe da tsumma saboda hunturu. Ya tsare ƙofar da ɓarawo ba ya bi, ya bar wadda yake bi a buɗe, kuma ba laifinsa ba ne, abin da ya ji a gari ke nan.

Ku dubi ɓarnar da wannan rashin sani yake yi a kasuwa. Mai shayi ya warke, amma masu shan shayinsa sun watse. Mahauci ya warke, an daina tsayawa a teburinsa. Mai koko da ƙosai ta warke, ta dawo ta tarar wata ta gaje mata wuri da masu saye. Wata kuwa takardar saki ce ta tarye ta a gida, wata budurwa an fasa aurenta. Alhali kuwa mai shan magani daidai, bayan 'yan makonni kaɗan yaɗa cutarsa takan ragu ƙwarai, balle wanda ya gama aka tabbatar ya warke. Wannan ba ya sa wa kowa kome. Wanda ya kamata ku ji tsoro shi ne mai tarin da bai taɓa zuwa gwaji ba, wanda kuke zama da shi a shago rufe ko a mota gilashi a ɗage, kuna raha. Sakamakon wannan ƙyama kuwa shi ne kowa ya ga abin da aka yi wa mai shayi sai ya haɗiye tarinsa ya yi shiru, ya ci gaba da rabawa.

Sa'an nan ga maganar iyali, wadda ita ce uwar rigakafi. Cutar nan takan kwanta a jikin mutum shekara da shekaru ba tari ba zazzaɓi. An ƙiyasta wajen mutum 1 cikin 4 na duniya sun taɓa shaƙarta, amma kaɗan ne take tasar wa, kamar 5 zuwa 10 cikin 100. Waɗanda ta fi kayarwa su ne yara ƙanana 'yan ƙasa da shekara 5, da masu fama da yunwa, da masu ciwon sukari, da masu ɗauke da ƙanjamau, da mashaya taba da giya. Saboda haka ƙa'idar Gwamnatin Tarayya da kanta ta ce duk gidan da aka sami mai tarin fuka a duba mutanen gidan, wanda aka samu da ciwo a sa shi a magani, wanda ba a samu ba kuwa a ba shi maganin rigakafi. Akwai na sha sau ɗaya a mako har mako 12, akwai na kullum wata 3, akwai kuma tsohon na wata 6. Kyauta ne. Jariri kuwa a yi masa allurar BCG tun ran haihuwa ko kusa da ita, wadda ke barin ɗan tabo a dantse. Allurar nan tun 1921 ake yin ta, ba ta hana babba kamuwa sosai, amma tana tsare yaro daga mugun nau'in da ke hawa ƙwaƙwalwa. Mutum nawa ne a Banga suka san suna da hakkin su je su ce, "An yi wa maigidanmu magani, mun zo a duba mu"? Hakkin da ba a gaya maka ba, da shi da babu duk ɗaya.

Akwai wani tarihi da ya kamata 'yan jam'iyya su riƙe don ranar muhawara. A da, mai tarin fuka tsare shi ake yi a asibiti na musamman wata da watanni. A 1956 aka buɗe wata cibiyar bincike a Madras ta ƙasar Indiya, aka raba marasa lafiya biyu, waɗansu a asibiti waɗansu a gidajensu, magani iri ɗaya. Da sakamako ya fara fitowa a 1959 sai aka ga na gida sun warke kamar na asibiti, kuma iyalansu ba su fi kamuwa ba, domin yawancin yaɗuwar ta riga ta auku tun kafin a gane ciwon. Daga nan ne duniya ta mai da jiyyar tarin fuka gida. Gwamnatoci suka yi murna, don sun huta da gina ɗakuna da ciyar da majiyyata. Amma fa ku lura, ran da aka mai da jiyya gida, an mai da maras lafiya da matarsa su ne malaman jiyya. An ɗora musu aikin, an riƙe ilmin aikin. Ko a kasuwa, wa ke ba yaro rumfa ya tafi bai gaya masa farashi ba?

Wani abin da ba a faɗa kuma shi ne tabon da ciwon ke bari. Da yawa cikin waɗanda suka warke huhunsu ba ya komawa yadda yake. Ɗan dako da ke ɗaukar buhu da gudu sai ya ga numfashi na gagararsa, manomi ya ga ba ya iya gama kunyar da ya saba. Wannan tabo ba ya yaɗuwa, kuma maganin tarin fuka ba ya warkar da shi, amma likita ne kaɗai zai rarrabe tabo da dawowar ciwo. Wanda ba a gaya masa ba sai ya ƙarar da ɗan jarinsa wajen masu tallar magani a kan bisa mota da lasifika. Mai irin wannan huhu ya rabu da taba da shisha, ya nisanci hayaƙin itace a ɗakin girki rufaffe. Samarinmu masu tafiya haƙar zinariya wajen Anka da Bukkuyum da Maru su ji wannan da kyau: ƙurar niƙan dutse tana cin huhu, kuma huhun da ta ci shi ne gadon tarin fuka. Wanda ya warke ya koma ramin nan, ya koma bakin kura. Haka kuma akwai irin cutar da ke zuwa daga shanu ta hanyar ɗanyar madara, maganinta kuwa a tafasa madara kafin a sha ko a yi nono da ita.

Na san abin da 'yan koren masu mulki za su ce. Za su ce, "Ku 'yan adawa ba a iya muku. Gwamnati ta ba da gwaji kyauta, ta ba da magani kyauta, me kuke nema kuma?" To, mu ba ma ƙin gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Gaskiya ne magani kyauta ne. Gaskiya ne kuma an yi ƙoƙari wajen gano masu ciwo, domin waɗanda aka gano a Nijeriya sun tashi daga wajen 138,000 a 2020 zuwa sama da 360,000 a 2023. Amma a wannan shekara ta 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum 500,000 ne suka kamu a ƙasar nan, kuma Nijeriya ce kan gaba a Afirka duka. Sauran da ba a gano ba suna ina? Suna cikin gidajen waɗanda aka sallama, da maƙwabtansu, da abokan cinikinsu. Sa'an nan wannan kyauta da ake yi mana gori da ita, aljihun wa ta fito? Mafi yawan kuɗin yaƙi da tarin fuka a ƙasar nan daga waje yake zuwa, daga Asusun Duniya na Global Fund da kuma Amurka. Da shugaban Amurka ya dakatar da agajin ƙasashen waje a Janairun 2025, kowa ya ga yadda hankalin ma'aikatan lafiya ya tashi. A watan Afrilun 2001, a Abuja, a cikin gidanmu, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba ko sau ɗaya, yawanci a wajen kashi 5 take tsayawa. Mai tuwon aro ba ya yi wa baƙo gori.

Kada kuma wani ya ɗauka malamin asibiti muke zargi. Shi ma talaka ne ɗan'uwanmu. Mutum ɗaya ne ke karɓar kaki, shi ke ba da magani, shi ke cika littattafai, ga layi har waje, ga tsoron kada yamma ta yi masa a hanya. Abin da manyansa ke tambayarsa a ƙarshen kowane wata 3 shi ne mutum nawa ka gano, mutum nawa suka gama. Ba wanda ke tambayarsa mutum nawa ka leƙa bayan sun gama, ba wanda ya ba shi man babur don ya leƙa. Ran da aka rubuta "ya warke" ran nan lissafin Hukuma ya rufe. Amma abin mamaki, mai karɓar kuɗin kasuwa bai taɓa ɓata hanyar rumfarka ba. Masu neman ƙuri'a kuwa, in zaɓe ya matso, har ƙauyen da mota ba ta shiga suna isa da atamfa da taliya. Ashe Hukuma ta san hanyar gidan talaka, sai in lafiyarsa za a duba take mantawa.

Za a ce mana kuma ai akwai rashin tsaro. Mu za a gaya wa? A watan Maris na 2025 'yan bindiga suka kwashe mutum fiye da 50 daga Banga, a watan Yuli labari ya cika duniya cewa sun kashe fiye da 30 daga cikinsu bayan sun karɓi kuɗin fansa. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri. A Satumban 2021 an rufe kasuwannin mako an yanke layukan waya a Jihar Zamfara, kowa ya tuna yadda ciniki da zirga-zirga suka tsaya. Amma wannan hali hujja ce a kan masu mulki. Mutanen da aka kora daga ƙauyukansu suna cunkushe a gidajen dangi a Ƙaura da Shinkafi da Zurmi, ɗakin mutum 3 ya koma na mutum 10, ba gona ba rumbu. Cunkoso da yunwa su ne taki da ruwan tarin fuka. A Yunin 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta auna yara kusan 100,000 a ƙasar Shinkafi da Zurmi, ta tarar yaro 1 cikin kowane 4 yana fama da tamowa. In har malamin lafiya ba zai iya isa ƙauye ba, ashe ya zama dole mutumin ƙauyen ya tafi da ilmin a kansa, ya san alamun, ya san cewa in gudun hijira ya kai shi wani gari yana tsakiyar magani, da katinsa zai iya ci gaba da karɓa a asibitin can. Inda hanya ta fi haɗari nan ne sani ya fi tsada.

Kuma kada a zo mana da wa'azin "ku ci abinci mai gina jiki" a bar mu da hamma. A jihar Jharkhand ta Indiya an yi gwaji, sakamakonsa ya fito a 2023: aka riƙa ba mutanen gidan mai tarin fuka shinkafa kilo 5 da wake kilo 1 da rabi kowane wata, kowane mutum. Sabon kamuwa a cikinsu ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Shinkafa da wake, jama'a, ba wani asiri ba. Tun 2018 Gwamnatin Indiya take ba kowane mai shan maganin tarin fuka ɗan kuɗin abinci duk wata. Mu nan ƙasar gero da dawa da wake da gyaɗa ce. Don kwasar gyaɗa da audugar kakanninmu Turawa suka jawo dogo har Ƙauran Namoda a 1929. Yau jikokinsu ne ba za a iya auna wa tiya kaɗan na wake ba don kada ciwo ya dawo?

A 2024 Gwamnatin Jiha ta ce ta kafa dokar ta-ɓaci a kan sha'anin lafiya. Madalla. Gyaran gini da fenti abu ne mai kyau, amma ga abin da muke nema a ƙara, kuma ba mai tsada ba ne. Duk wanda za a sallama a zaunar da shi tare da mutum ɗaya daga gidansa a yi musu bayani da Hausa, a ba shi takarda da boko da ajami ya tafi da ita. A rubuta masa a kati ranar da zai dawo a duba shi bayan wata 6 da bayan shekara guda. Kada a rufe littafinsa sai an rubuta sunayen mutanen gidansa da abin da aka yi musu. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'i mai kula da tarin fuka da kuturta, a ba shi babur da mai da mataimaka. Babban abin da muke nema kuwa shi ne a ɗauki waɗanda suka warke aiki, maza da mata, a ba su ɗan alawus, su zama su ne masu shela. Wanda ya haɗiyi ƙwayoyin nan wata 6, ya ga fitsarinsa ya yi ja bai tsorata ya daina ba, ya tashi ya koma sana'arsa, in ya tsaya a majalisa ko a gidan suna ya ce "ni ma na yi, ga ni," maganarsa ta fi ta motar lasifika 10. Macen da ke cikin kulle kuwa ba mai isa gare ta sai 'yar'uwarta mace.

Kafin su farka, mu ma akwai namu. Sakatarorin rassa su karanta wannan a taron mako. Shugabannin 'yan kasuwa da sarakunan pawa da na tasha su yi shela cewa wanda ya gama magani a bar masa rumfarsa, a ci gaba da ciniki da shi. Direbobi su bar gilashi a sauke ko da kaɗan ne. A cire tsumman nan daga taga da rana, a bar iska da hasken rana su shiga ɗaki, domin rana tana kashe ƙwayar. Mai tari ya rufe baki da gefen rawani ko mayafi, ya daina tofar da kaki a tsakar kasuwa. In kansila ko ɗan majalisa ya zo gaisuwa, ku tambaye shi a gaban jama'a: a wace asibiti ce mafi kusa ake gwajin kaki da na'ura, kwana nawa sakamako ke yi kafin ya dawo, kuma gida nawa aka bi aka duba a mazaɓarsa bana? Ku rubuto mana amsar da ya bayar, za mu buga ta da sunansa.

Dattijon nan kuwa, kafin mu isa Gusau na gaya masa duk abin da na sani. Ya yi shiru, can ya ce jikarsa ƙarama da ke kwana a ɗakinsa ta daina cin abinci tun bayan salla, suna ta ba ta maganin shawara. Na roƙe shi ya kai ta tare da kansa, ya tafi da katin. Ya ce katin yana nan cikin adaka in gara ba ta ci ba, zai je in Allah ya so, amma sai ya sayar da hatsin da ya ɗauko, don da kuɗin ne zai biya musu mota su biyu.